Kabad ɗin Auta da Ƙarafan Adakar Inna

Jawabin da ɗaya daga cikinmu, mutumin Wurogauri, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai.



Ran da takardar Sakatare ta iske ni cewa ni ne zan yi jawabi a taron bana, na zaci za a ce in yi magana ne a kan aikin ofis, tun da shi na yi shekara talatin da ɗoriya ina yi. Da na karanta har ƙasa sai na ga an rubuta wai in zo in ba da labarin kabad ɗin tufafi, watau abin da yaran yanzu ke kira wadirob ko sif, wanda na haɗa da hannuna a zauren gidanmu na Wurogauri. Na san wanda ya tona mini asiri, ga shi can a layi na biyu yana sunkuyar da kai. To, na karɓa, domin kuwa a cikin wannan labari akwai bashin da ajinmu ya ci na wani malami da ke zaune a nan, kuma yau nake so a fara biyansa.

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna muna cikin na farko-farkon da tsarin ilmi na 6-3-3-4 ya shafa, wanda aka ƙaddamar a 1982, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991. Manufar tsarin ita ce yaro ya fita makaranta da sana'a a hannu. Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, amma a makarantu da yawa na ƙasar nan akwatunan sun tsufa ba a ko buɗe su ba, saboda rashin lantarki da rashin masu koyarwa. Mu kuwa mun yi sa'a, muna da Malam, shi kuma yana da zarto da cizal da filen da sikwaya, bai jira lantarki ba. Sai dai mu ne ba mu san darajar sa'ar ba. A ganinmu a lokacin, darasin aikin katako na wanda kansa ba ya ja ne. Kowa likita zai zama ko lauya ko Di'o. Ni da bakina na taɓa cewa ban zo makaranta don in zama kafinta ba. Malam, ranka ya daɗe, ka ji ni a ranar, ba ka ce mini kome ba, ka dai miƙo mini samfefa.

Abin da ya komo da ni ga katako shi ne aurar da 'ya'ya mata, kuma duk uban da ke nan ya san nauyin kayan ɗaki. A 2019 na aurar da babbar ɗiyata. Na ci bashi na saya mata gado da kabad irin na yayi, masu sheƙi kamar madubi, da mariƙai masu ruwan zinari. Irin katakon nan ne da ake kira MDF, wanda a gaskiya garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne da inji, sa'an nan aka lulluɓe da leda mai zane. Damina ta 2020, wadda duk mun tuna irin ɓarnar da ambaliyarta ta yi wa gonakin shinkafa a jihar nan, ruwa ya shiga ɗakinta bai fi tsawon yatsa ba, ya kwana ɗaya ya janye. Cikin mako guda gindin kabad ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ƙusoshin hinji suka zazzage, ƙyaure ya faɗo, ruwan zinarin nan kuwa ya ɓare ya bar tsatsa. Kayan sun mutu ban gama biyan bashinsu ba. Mun saba cewa araha ba ta ado, to wannan ko arahar ma babu.

A ɗakin marigayiya mahaifiyata kuwa akwai adakar katako da aka kawo ta da ita gidan aure tun kafin a haife ni. Masu shekaruna sun san kafin zuwan kabad iyayenmu a adudu da kwalla da adaka suke ajiyar tufafi. Gara ta ci gindin adakar, amma ƙarafanta suna nan garau: hinji biyu dogaye na baƙin ƙarfe, aikin maƙera, da maƙalar kwado, da zobba biyu na tagulla da ake ɗaukarta da su, da ƙarafan kusurwa huɗu. Na tsaya ina kallon ƙarfen da ya haura shekara sittin yana aiki, ina tuna wanda bai yi shekara biyu ba. A nan na ɗaura niyyar cewa auta, in Allah ya kawo nata lokacin, ni zan haɗa mata kabad, kuma da ƙarafan kakarta.

Farkon daminar 2021 iska ta kayar da wani tsohon maɗaci a gonar gidanmu. Na je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma na karɓi izini, na kira masu injin yanka suka tsaga mini shi falanki-falanki, kaurin inci ɗaya da na inci biyu. Bari in tsaya nan in ja hankali, kada wani ya fita daga taron nan ya je ya sare ɗanyen icce ya ce ni na sa shi. Itatuwan katako na ƙwarai sun yi ƙaranci ƙwarai da gaske. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a jihohi irin su Taraba da Kogi ana kaiwa ƙasar Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido a taron Johannasbag na 2016. A taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo. Mu da hamada ke ƙwanƙwasa wa ƙofa ta wajen Arewa da Dandi, mun fi kowa sanin abin da rashin icce ke jawowa. Wanda bai sami faɗaɗɗen icce ba, ya nemi tsofaffin ƙyamare da tsofaffin bencina, ko ya je 'yan katako a Birnin Kebbi ko Jega ya zaɓi busasshe. Ni dai a gurbin wancan maɗaci na dasa biyar, uku sun kama.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne ga tarbiyya, amma kafinta busasshe yake nema, domin ɗanye da kansa yake tanƙwarewa bayan an gama aiki. Na jera falankan a rumfa, nesa da rana da ruwa, bisa duwatsu don gudun gara, na sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa yadda iska za ta ratsa, na shafa fenti a bakin kowanne don kada ya yi saurin bushewa ya tsage, na ɗora nauyi a sama. Haka suka zauna fiye da shekara biyu. Uwargida ta sha tambayata ko itacen girki nake tara mata.

Na yi ritaya a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur kome ya yi tashin gwauron zabo, kuma a shekarar ce aka kawo kuɗin gaisuwar auta. Na leƙa shagunan kayan ɗaki na ji farashi, na komo gida na buɗe rumfa. Ba a fafe gora ranar tafiya; Allah ya taimake ni nawa goran ya riga ya bushe.

Kafin in taɓa zarto sai da na zauna da takarda da fensir, kamar yadda aka koya mana. Abu na farko da na lura shi ne kabad ɗin kanti an tsara shi ne don mai kwat da wando, rabinsa duk wurin rataya. Mu kuwa babbar riga da shadda da atamfa da zannuwan gado ninkewa muke yi. Saboda haka na ba kantoci kashi biyu cikin uku, na bar kashi ɗaya don rataya, na yi aljihu biyu a ƙasa, da wani ɗan ƙarami mai makulli a ciki don 'yan kunne da takardu. Tsawo ƙafa shida da rabi, faɗi ƙafa huɗu, zurfi inci 24, domin abin rataya ba ya zama daidai a ƙasa da haka. Abu na biyu, na je na auna ƙofar ɗakin da za a kai ta. Sau nawa muka ga an kai kayan amarya an tsaya cirko-cirko, ana shawarar a fasa bango ko a fasa kabad? Don haka na yi shi gida uku, gindi da jiki da kai, ana haɗa su da noti, ana kwancewa a ɗora a amalanke. Abu na uku, na ba shi ƙafafu masu tsawon inci shida, saboda darasin 2020. Bayansa kaɗai na sa filawud, guda ɗaya mai ƙafa huɗu da takwas ya isa har da ragowa.

Wajen haɗi, na guji dogara ga ƙusa. Na komo ga abin da Malam ya sha wahalar cusa mana, watau motis da tenon, a fafe rami a wannan katako, a fitar da harshe a wancan, su shige juna daram, a sa gam, a soke da turken katako. Na farko da na yi, akuya ma ta iya wucewa ta tsakani. Sai da na ɓata guntaye kusan goma kafin hannu ya tuna abin da ya koya shekara arba'in da suka wuce. Maƙwabta kan leƙo zaure su ce, “Alhaji, lafiya? Ko fanshon ne bai fito ba?” Na kan ce musu su dawo bayan Salla.

Yanzu ga inda na sha kunya. A watan Satumba, damina ba ta gama ɗaukewa ba, na haɗa ƙyaure na farko. Na yi masa firam, na sa allo a tsakiya, na malala gam ko'ina don ya yi ƙarfi. Ya yi kyau har na kira mutane suna gani. Wata rana da dare cikin Janairu, hunturu ya kankama, muna kwance sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Na fito da tocila, na tarar allon ya tsage tun daga sama har ƙasa. Saura wata uku biki.

Washegari na hau mota na nufi gidan Malam da tsagaggen ƙyaure a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Kai ne wanda bai zo makaranta don ya zama kafinta ba ko?” Jama'a, ashe bai manta ba. Sa'an nan ya zaunar da ni a tabarma ya maimaita mini darasin da na yi barci a cikinsa. Katako ko ya bushe yana numfashi. In iska ta yi laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Masana sun auna cewa in laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar tsakiyar damina, ruwan da ke cikin katako yakan kai wajen kashi 16. In ta sauko kashi 20, kamar hunturu, sai ya koma ƙasa da kashi 5. A irin wannan sauyi allo mai faɗin ƙafa ɗaya yana iya motsawa kusan rubu'in inci. Ni kuwa na ɗaure shi da gam ta kowane gefe, ya nemi tsukewa ya rasa hanya, sai ya tsage. Magani shi ne a fafe kwari a cikin firam, a zura allon ya zauna a sake, ba gam ba ƙusa, a bar masa ɗan fili ya shiga ya fita. Malam ya ƙara da cewa ƙyauren da aka haɗa da hunturu a rage masa kaɗan a gefe, in ba haka ba ran da damina ta sauka ba zai rufu ba. Ya ce wannan ne ma dalilin da ya sa kayan da aka haɗa a Kudu, inda laima ba ta yankewa, sukan buɗe baki in sun kwana biyu a ƙasarmu.

Sai maganar ƙarafa, wadda ita ce ta fi jan hankalin masu zuwa kallo. Adakar Inna hinji biyu ta bar mini, kabad kuwa shida yake so, uku a kowane ƙyaure, saboda nauyin maɗaci. Na fara zuwa kasuwa, na tarar da masu kama da na da iri-iri, an yi musu fenti ya yi duhu-duhu kamar sun tsufa. Ga gwajin da ba ya ƙarya: ku tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Tagulla ta gaskiya, wadda haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, mayen ƙarfe ba ya kama ta. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. In bai manne ba, a ɗan karce bayan abin da magagari. In cikin ya fito fari-fari, tutiya ce aka rina, kuma ba ta jure nauyi. Cikin goma da na gwada, ɗaya ne ya tsira.

Daga nan na tuna ashe muna da masu wannan aiki tun kafin kanti. Maƙeran baƙi suna nan a kowace kasuwa tamu, Sakkwato tana da unguwar Maƙera Assada, maƙeran fari suna aikin azurfa da tagulla, Bida kuwa duk ƙasar nan an san ta da tagulla. Na ɗauki hinjin Inna na kai wa wani tsohon maƙeri a yankinmu. Ya juya shi a hannu ya daɗe, ya ce, “Ɗana, wanga ƙarfe ya girme ka. Irin aikin ubana na.” Ya ce in ba shi mako biyu. Ya ƙera mini huɗu, da sakata biyu, kowanne da sawun guduma a jikinsa. Don su yi baƙi irin na tsoho kuma su ƙi tsatsa, ya gasa su sama-sama ya shafe da man gyaɗa tun suna da zafi, ya maimaita har sau uku. In na jera shidan yau, sai na duba da kyau nake gane na Inna. Kuɗin da ya karɓa bai kai na jabun kasuwa ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne da ya ce rabonsa da wani ya kawo masa irin wannan aiki ya manta, 'ya'yansa kuma duk sun koma acaɓa.

Zobban tagulla na goge su da lemun tsami da toka, amma ban ƙure ba, na bar duhun da ke cikin zanen, domin shi ne shaidar shekarunsu. Su suka zama mariƙan ƙyamare. Ƙarafan kusurwa suka hau kan kabad, maƙalar kwado ta zauna a tsakiya. Wajen ɗaurawa akwai dabara biyu. Maɗaci yana da tauri, sukurun tagulla kuwa yana da laushi, in aka matsa masa sai kansa ya guntule a ciki. Sai a fara huda ƙaramin rami, a ɗaura sukurun baƙin ƙarfe ya buɗe hanya, a fitar da shi, a goga wa na tagulla sabulu ko kyandir, sa'an nan a ɗaura a hankali. Kuma a nemi sukuru mai tsaga ɗaya a ka, domin mai tsagar gicciye na zamani ne, yana tona asirin aikin tun daga nesa.

Na goge jikin da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ina bin tsawon katako. Ban sa fenti ba, ja-ja ɗin maɗaci ya ishe shi ado. Na shafa banish marar kauri sau uku, da sassafe kafin ƙura ta tashi, bayan na yayyafa ruwa a daɓen zaure. Ƙafafun kaɗai na shafa wa maganin gara. Masu shafa baƙin mai a ciki su sani warinsa ba ya barin tufafi. Da aka kai shi na bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, na kuma ɗaure kansa da ƙarfe a bangon, saboda yaro in ya ga kanta tsani yake gani.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla ta 2024. Ba zan ɓoye muku ba, auta da farko ba ta so ba. Ƙawayenta duk masu sheƙi aka yi musu, ta ji tsoron a ce ubanta ya gaza. Ran jere, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta haura tamanin kuma idonta ya yi rauni, ta shafa ƙyauren, hannunta ya faɗa kan zoben nan. Ta tsaya cik. Ta ce, “Wannan na Yaya ne. Ni na riƙe shi ran da muka kai ta.” Ta zauna bakin gado ta yi ta hawaye, ɗaki ya yi tsit. Tun daga ranar ban sake jin ƙorafi ba. Kabad ya ci damina ya ci hunturu, ƙyamarensa suna rufuwa da yatsa ɗaya, yayarta kuma ta aiko mini da awon nata ɗakin.

To, 'yan'uwa, ga inda na dosa. Da safen nan kafin a fara taro na zagaya bayan ajujuwa na leƙa ɗakin aikin hannu ta taga. Bencinan da muka yi aiki a kansu suna nan, amma rufin yana son gyara, kayan aikin kuma sun ƙare. Kowace shekara mukan tara kuɗi mu yi fentin ƙofar shiga ko mu sayi kofin ƙwallo, kuma duk suna da kyau. Bana ina roƙon Shugaba da kwamiti a sa gyaran ɗakin nan a gaba. Ba sai mun jira manyan injuna ba. Zarto da cizal da filen da guduma da sikwaya da tef, saiti ashirin, sun isa aji guda ya fara. A nemi izinin hukumar makaranta a riƙa gayyato kafinta da maƙeri daga cikin gari, ko sau ɗaya a wata, yara su ga hannun da ya iya. A kuma ba kowane ɗalibi ɗan aji ɗaya dashen maɗaci ya rena har ya fita. Ni na yi alkawarin saiti biyu, da ranar Asabar ɗina, da ragowar falankan da ke rumfa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, takarda tana wurin Ma'aji, kowa ya rubuta abin da zai iya kafin a ci abinci.

Ina kuma ba da shawara, in taro ya amince, ran da aka buɗe ɗakin a sa masa sunan Malam, tun yana raye yana gani. Malam, ranka ya daɗe, a madadin ajinmu ina neman gafarar surutun da muka yi maka da darasin da muka gudar maka. Samfefar da ka miƙo mini na karɓa, ko da yake na makara da shekara arba'in.

Shugaban taro, na ci lokaci, a yi mini afuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da ɗalibai, ya maida kowa gidansa lafiya.